Idan Zaren Ɗinki Ya Leƙo Bayan Tiyatar Gyaran Nono

'Yar'uwa, kafin a sallame ki, ki tambayi likitanki wane irin zare ya sa miki, ki rubuta sunan. A aikina na jinya, wannan nake fara tambaya. Zaren Vicryl yakan narke a jiki cikin kwana 56 zuwa 70, PDS kuwa sai ya kai kusan wata 6. Prolene ba ya narkewa: idan a waje yake, a cire shi, idan kuma can ciki aka ɗaure shi don riƙe nama, zamansa ba laifi ba ne.

Abin da ya fi tayar wa mata hankali shi ne ɗan jan ƙurji a kan layin ɗinkin, musamman ƙasan nono inda layuka suka haɗu, da bakin zare yana sukar yatsa kamar ƙayar kifi. Jiki ne ke turo ƙullin zaren waje. Don Allah kada ki ja shi, kada ki matse. Ki wanke da ruwa da sabulu mara ƙamshi, ki busar, ki rufe da bandeji mai tsabta, ki je a datse miki. Amma idan jan yana yaɗuwa, ko ruwa mai wari na fita, ko zazzaɓi ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, a ranar za ki ga likita, balle idan akwai robar silikon da ake sawa don ƙara girman nono a ciki.

Ki guji sigari, yana hana jini isa fatar. Filastar silikon, wadda ake manna wa don rage tabo, sai raunin ya rufe ruf. Tabo kan ɗauki wata 12 zuwa 18 kafin ya lafa, kuma idan jikinki mai yin tabo mai tudu ne, ki faɗa wa likita tun kafin aiki.