Keken hawan dutse: kurakuran da ake yi wajen saye da sauya birki

Yawancin masu da-na-sani a kan keken hawan dutse, ido ne ya yi musu ciniki. Mutum ya ga keke mai shokazoba gaba da baya, ga giya 21, ga fenti yana walƙiya, ga araha, sai ya zaro kuɗi. Irin wannan keken nauyi gare shi, kuma sifirin ɗin baya ba abin da yake yi sai shanye ƙarfin feda. In aljihunka bai yi nauyi ba, ɗauki mai shokazoba a gaba kaɗai. Da kuɗin nan dai za ka samu kayan da suka fi ƙwari.

Sai girman firam, kuskuren da ba ya gyaruwa. Ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, ka tabbata akwai sarari tsakaninka da ƙarfen sama, sannan ka hau ka ɗan zaga. In na gwanjo ne, duba wuraren walda ko akwai tsaga. Ka kuma san tayarka, inci 26 ce, ko 27.5, ko 29, domin wata ba ta zama a wilin wata.

Amma inda aka fi asarar kuɗi, kuma aka fi jefa rai cikin haɗari, shi ne birki. Iri uku ne: na roba mai kama wili, da na faifai mai waya, da na faifai mai aiki da mai. Mutane sun ɗauka duk birkin da ke da faifai ya fi na roba. Ba haka ba ne. A busasshiyar hanya, birkin roba da aka saita da kyau ya fi faifan waya mai arha kamawa. Fifikon faifai yana fitowa ne a cikin taɓo da ruwa, da doguwar gangara irin ta duwatsun Jos, inda na mai ke tsayar da kai da yatsa ɗaya ba tare da hannu ya gaji ba.

Wani kuma zai sayo birkin faifai, sai ya iso gida ya tarar firam ɗinsa ba shi da mazaunin ɗaura shi. Dole a samu mazaunin gaba da baya, kuma cibiyar wilin ta zama mai karɓar faifai, ko mai kusoshi shida ko mai zoben ɗauri guda, wato Center Lock. In babu, haƙura ka gyara na robar.

Batun mai ne ya fi damuna. Birkin kamfanonin Shimano da Tektro da Magura man mineral suke sha, yawancin na kamfanin SRAM na da kuwa man DOT, irin na birkin mota. Idan mai gyara ya ɗura man birkin mota a cikin Shimano, robobin ciki za su kumbura su lalace, birki ya mutu. Karanta abin da aka rubuta a murfin hannun birkin, kuma ka tsaya a wurin lokacin da ake ɗurawa.

Kafin ka ce birkinka ba ya ci, duba ko maiƙo ya taɓa shi. Ɗigo ɗaya daga man sarƙa ya isa ya sa shi kuka da sulɓi. Goge faifan da sinadarin isopropyl, ka sauya takalman birkin. Sabbin kuma sai an horar da su: ka yi gudu, ka matsa birki har ka kusa tsayawa, ka sake, kamar sau ashirin. Idan har yanzu bai gamsar da kai ba, mayar da faifan gaba daga milimita 160 zuwa 180 da mahaɗinsa, muddin shokazobar ta yarda da girman. Wannan ya fi sayen sabon birki sauƙi nesa ba kusa ba. A kula, wasu faifan Shimano masu arha an rubuta musu cewa takalmin resin, wato mai laushi, kaɗai suke ɗauka, na ƙarfe zai cinye su.

A sauran kaya, kada ka ɗora giyar Shimano mai tsada, wato XT, a kan sarƙar da ta miƙe, Deore mai sauƙin kuɗi ta ishi kusan kowa. Fara da taya mai kyau. Kuma ka raba sarƙarka da baƙin mai, don in ya haɗu da ƙurar hunturu gurza ta yake yi. A auna ta lokaci-lokaci: mai giya 11 ko 12 a baya ana sauya ta in miƙewarta ta kai kashi 0.5 cikin ɗari, mai giya 8 ko 9 kuwa a 0.75.