Yadda ake haɗa shafin kundin hotuna a kwamfuta

1. Buɗe sabon shafi a manhajar gyaran hoto, GIMP ko Canva, faɗi da tsawo kowanne fiksel 3600 (fiksel su ne ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto). Inci 12 ke nan idan aka buga da fiksel 300 a kowane inci.

2. Zaɓi hoto uku, ɗaya ya fi girma. Nemi na asali, domin WhatsApp yana matse hoto, a takarda sai ya fito dishi-dishi.

3. Jera su hawa-hawa, wani a kan wani: bangon shafi a ƙasa, hotuna a tsakiya, rubutu a sama.

4. Furanni da sauran kayan ado su kasance PNG, nau'in fayil ɗin hoto da ke iya zuwa ba tare da bango ba. Idan nau'in JPEG ne, farin akwati zai kewaye su, ya ɓata aikin.

5. Janye rubutu rabin inci daga gefe, wuƙar maɗaba'a tana cin bakin takarda.

6. Adana kwafi biyu: na gyara da na bugawa.