Nurofidbak da bayofidbak: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara su

Jama'a barkanmu. Kwanaki yayata da ke aure a Ingila ta kira ni cikin dare, wai an yi mata tallan wani magani mai suna nurofidbak, ba allura ba ƙwaya, za a liƙa wa ɗanta wayoyi a ka ya zauna yana kallon katun, in ya yi zama arba'in shi ke nan rashin natsuwar da ke damun sa a makaranta ta tafi har abada. Kuɗin da aka yanka mata kuwa ba ƙananan kuɗi ba ne. Ta ce ƙanena duba mini tunda kai ne kullum kake tare da injin EEG, wato na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa, a wurin aiki. To tun daga ranar nake ta karatu a kai, kuma na lura kurakuran da mutane ke yi kusan iri ɗaya ne ko a can ko a nan gida.

Bari in fara da mene ne abin, don kuskure na farko daga nan yake tasowa. Ƙwaƙwalwa tana fitar da lantarki ɗan mitsitsi wanda ake iya ɗauka ta fatar kai, wani likita Bajamushe Hans Berger ne ya fara ɗaukarsa a jikin mutum a 1924. Lantarkin nan yana kaɗawa, wani a hankali wani da sauri: delta ƙasa da sau 4 a sakan, ita ce ta barci mai nauyi, teta 4 zuwa 8 ta gyangyaɗi, alfa 8 zuwa 12 tana fitowa in ka rufe ido ka saki jiki, beta kuma daga 13 zuwa sama lokacin da kake tunani ko lissafi. Nurofidbak shi ne a nuna maka wannan kaɗawar a skirin nan take, in ƙwaƙwalwarka ta yi irin wadda ake so bidiyo ya yi haske ko ka ji ɗan sauti, in ta kauce hoton ya dushe, a hankali a hankali sai ta koyi tsayawa inda ake samun lada. Bayofidbak shi ne babban suna da ya haɗa duka, har da na bugun zuciya, numfashi, zafin yatsa, gumin tafin hannu da ɗaurewar tsoka.

To mutane da yawa sun ɗauka injin yana tura wani abu cikin kai ne yana gyarawa. Wasu na tsoro wai za a ja musu shokin, wasu kuma na murna wai su kwanta kawai kwamfuta ta wanke musu damuwa. Asalin nurofidbak ba ya sa maka komai, karantawa kawai yake yi, madubi ne, kuma madubi ba ya gyara wa mutum hula sai ya sa hannu da kansa. Waɗanda ke sa lantarki ko maganaɗisu cikin kai daban ne, akwai ECT, wato jinya da shokin lantarki, da aka fara a Roma a 1938 wanda yanzu sai an sa mutum barci ake yi, akwai TMS mai aiki da maganaɗisu da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da shi don ciwon damuwa a 2008. Saboda haka tambaya ta farko da za ka yi wa mai injin ita ce, wannan naka karantawa yake ko turawa? In ya fara kame-kame to ka san inda ka dosa.

Sannan ga abin da ya fi ci mini rai, domin shi ne ya cika mana gari. Injin nan da ake yawo da shi a ofisoshi, kasuwa, wani lokaci har bakin masallaci bayan Juma'a, a ba ka wani ɗan ƙarfe ka riƙe minti ɗaya, kwamfuta ta fito da shafuka wai hantarka ta gaji, ƙodarka ta yi rauni, jini ba ya kai wa ƙwaƙwalwa, ƙarshe a ɗauko maka kwalaben magani na dubban nairori. Wasu masu shi suna kiran sa bayofidbak ko kwantum don ya yi kama da kimiyya. Wallahi babu abin da ya haɗa su. A bayofidbak na gaskiya abu ɗaya takamaimai ake aunawa, kana ganinsa da idonka yana hawa yana sauka, in ka ja numfashi ka ga layin bugun zuciya ya motsa, in ka cije haƙori ka ga na tsoka ya tashi. Ba ya gaya maka sunan cuta, kuma ba ya ƙarewa da sayar da kwalba. Na ga wata baiwar Allah da ke fama da firgici, injin ya ce mata zuciyarta ce ta lalace, ta yi wata biyu ba ta iya barci saboda tsoron mutuwa alhali da aka yi mata gwajin zuciya na asibiti lafiyarta ƙalau. Ka ga an ƙara wa Borno dawaki ke nan, ciwon da ta zo da shi aka ninka mata.

Wani kuskuren shi ne a ɗauka duk abin da ke da wannan suna ƙarfin hujjarsa ɗaya. A'a. Bayofidbak na tsoka da na zafin hannu yana da hujja mai kyau a kan ciwon kai irin na ɗaurewar goshi da wuya da ciwon ɓarin kai, haka na tsokar ƙasan mara ga masu wahalar fitar bayan gida ko matan da fitsari ke kufce musu in sun yi tari. Na numfashi da bugun zuciya yana taimaka wa masu fargaba. Amma nurofidbak na ADHD, wato ciwon rashin natsuwa da yawan ƙiriniya, wanda shi aka fi tallatawa, labarinsa da sauran rina a kaba. Tarihinsa yana da daɗin ji, wani masani Barry Sterman a jami'ar UCLA ta Amurka ya koya wa maguna fitar da kaɗawar 12 zuwa 15 a sakan yana ba su abinci lada, daga baya da ake gwajin man roka mai jawo farfaɗiya sai aka ga magunan da aka horar sun fi jurewa, shi ya sa aka gwada a masu farfaɗiya a farkon shekarun 1970, sannan wani masanin Joel Lubar a jihar Tennessee ya kai shi ga yara marasa natsuwa. Iyaye da yawa sun ce sun ga canji, kuma ni ban ce ƙarya suke ba. Sai dai da aka zo aka yi gwaji mai tsauri a Amurka, wanda aka buga a 2021, yara sama da 140, wasu aka ba su na gaske wasu kuma na bogi, wato skirin yana motsi amma ba da lantarkin kansu ba, kuma ba yaron ba iyayen ba wanda ya san wanne ne wanne, duka ɓangarorin biyu sun samu sauƙi kuma bambancin da ke tsakaninsu bai taka kara ya karya ba. A Jamus ma an yi irinsa da manya a 2017 sakamakon haka ya fito. Ni abin da na fahimta shi ne yaron da ake kai wa wuri sau biyu ko uku a mako, babba ya zauna da shi, ya yaba masa in ya natsu, uwa da uba suna lura da shi fiye da da, dole wani abu ya canza, amma ba lallai wayoyin ne suka yi aikin ba. In kana da hali ka gwada ba laifi, illarsa kaɗan ce, yawanci gajiya ko ɗan ciwon kai. Kar dai ka sayar da gona ko ka ci bashi a kai.

Yanzu ga mai haɗarin, don Allah ku karanta wannan da kyau. Kar wanda ya ajiye maganinsa don ya fara hawa inji. Mai farfaɗiya in ya yanke magani farat ɗaya yana iya faɗuwa ciwon ya ƙi tsayawa, kuma wannan yana kisa. Mai shan maganin damuwa in ya daina kwatsam jiri da rashin barci da ɓacin rai za su dawo masa fiye da da, mai baifola, wato ciwon da ke juya mutum tsakanin zumuɗi da ƙunci, ko mai jin muryoyi kuwa ciwon yana iya tashi gaba ɗaya a koma gidan jiya. Na san abin da ke sa mu haka, mun gaji da ƙwaya, ga tsada, ga surutun dangi wai har yanzu kana shan maganin mahaukata, sai mutum ya ji an ce ga hanya babu magani ya rungume ta hannu bibbiyu. In ma za a rage magani likitan da ya rubuta shi ne zai rage, kaɗan kaɗan, yana duba ka. Duk mai injin da ya ce maka ka zubar da magani ka tashi ka bar wurin. Kuma wanda ya fara tunanin halaka kansa ba maganar zama talatin ake ba, asibiti za a kai shi a ranar, muna da asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, Dawanau a Kano, ga sashen masu taɓin hankali a asibitocin koyarwa.

Sai kuma fara horo ba tare da an san me ke damun mutum ba. Wuraren nan suna son nuna taswirar ƙwaƙwalwa mai launi launi, ja a nan shuɗi a can, a ce kin ga nan ne matsalar ɗanki. Launin kawai yana nuna inda ya bambanta da matsakaicin wasu mutane da aka ajiye a kwamfuta, in an ɗauki mai lafiya garau ma za a ga ja a wani wuri. Ko na'urar NEBA mai auna teta da beta don gano ADHD, da FDA ta amince da ita a 2013, cewa aka yi ta taimaka wa likita, kuma ƙungiyar likitocin jijiya ta Amurka ta ce a 2016 kar a dogara da wannan ma'aunin wajen tabbatar da ADHD. Yaron da ba ya natsuwa a aji wataƙila ba ya ji sosai ne, ko allo ne ba ya gani, ko ƙarancin jini, ko ba ya samun barci, ko yunwa. Akwai ma wata farfaɗiya da ba a faɗuwa, yaro ya yi tsit ya ƙura ido na 'yan sakanni sau da yawa a rana, malam ya yi ta dukansa wai ba ya kula, mu a EEG muna ganinta ƙarara tana kaɗawa sau 3 a sakan, kuma tana da magani. Babba mai faɗuwar gaba kuma a duba masa tayirod, wato halittar nan da ke gaban wuya, a tambaye shi shayi da kofi da lemon ƙarfi nawa yake sha, da tiramol in akwai. Likita tukuna, inji daga baya.

Ɓangaren sana'ata kuma, lantarkin da ake ɗauka a ka bai wuce kashi goma zuwa ɗari cikin miliyan na bolt ɗaya ba, komai ƙanƙantar abu yana ɓata shi. Man kitso, basilin, gumi, kitso mai tsauri da ya hana wayar taɓa fata, duk suna hana karatu, shi ya sa muke cewa a wanke kai da sabulu a bari ya bushe kar a shafa komai, mata kuma in da hali a tsefe. Ƙifta ido yana fitowa kamar delta, cije muƙamuƙi da ɗaure goshi suna fitowa kamar beta, to mutum zai iya yin wata guda yana cin maki a gem ɗin alhali goshinsa ya koya wa aiki. Wutar NEPA tana kaɗawa sau 50 a sakan tana shiga layin, janareta kuwa ya fi ɓarna, gara a cire caja a yi da batir. Ka ce wa mai yi maka ya nuna maka ainihin layukan kafin a fara, ka cije haƙori ka ƙifta ido ka ga sun motsa. Ka tambaye shi kuma wace takarda gare shi, asalinsa likita ne ko masanin halayyar ɗan Adam, yana da shaidar BCIA, hukumar da ke tantance masu wannan aikin, ko kwas ɗin kwana biyu ya yi wajen wanda ya sayar masa da injin.

Abin ɗaurawa a goshi da ake saya a intanet irin su Muse, wayoyinsa kaɗan ne kuma daidai inda tsoka ta fi damu suke zama, yana iya taimaka wa mai son koyon zama shiru amma ba magani ba ne. Sautukan YouTube masu cewa za su sa ƙwaƙwalwarka alfa kuwa babu abin da suke aunawa a jikinka, kuma masu walƙiyar haske mai farfaɗiya ya guje su.

Wanda na fi ba mutane shawara shi ne na numfashi, don ko babu inji ana samun amfaninsa, amma shi ma ana kuskure. Da an ce ja numfashi sai mutum ya cika ƙirji fam yana yi da sauri, iskar kabon ta ragu a jini, jiri ya kama shi, yatsu su fara kamar ana tsira allura, ya ce ai abin ya ƙara masa firgici. Mu da gangan muke sa mutum irin wannan hakin na minti uku a ɗakin EEG don mu tono ciwo, ka ga ba shi ne na kwantar da hankali ba. Abin da wani masani Ba'amurke Paul Lehrer da abokan aikinsa suka nuna shi ne wajen numfashi shida a minti ne bugun zuciya da numfashi suke tafiya tare. Ka zauna, hannu a ciki, ka ja ta hanci sakan huɗu a hankali ba tare da cikawa ba, ka saki sakan shida, cikinka ne zai motsa ba kafaɗa ba. Fara da minti biyar safe da yamma, bayan asuba da kafin kwanciya ya fi sauƙin riƙewa, ka kai minti ashirin in ka saba. Kuma kar ka jira sai firgici ya zo sannan ka tuna, ba a fafe gora ranar tafiya.

Yayata dai abin da muka tsayar shi ne ta fara kai yaron a duba kunne da ido da barcinsa, likitan yara ya gan shi. In har za ta gwada injin daga baya, na ce ta samu littafi tun kafin zama na farko ta rubuta abu uku da ake iya ƙirgawa, minti nawa yake zama kan aikin gida, sau nawa makaranta ke kira a wata, ƙarfe nawa yake barci, sannan ta roƙi malamarsa ta riƙa ba ta rahoto ba tare da ta gaya mata an fara wani abu ba. In an yi zama ashirin lambobin nan ba su motsa ba ta tsaya, kuma kar ta yarda ta biya kuɗin zama arba'in gaba ɗaya tun ranar farko.