Kurakuran da sabbin shiga ke maimaitawa a gwajin Ames

Duk shekara sai an kawo mini sakamakon gwajin wani kalar abinci ko sinadarin hana lalacewa, ɗalibi na murmushi: "Malam, ba ya taɓa DNA." Tambayata ta farko ba ta sauyawa: ina farantin shaida, wato wanda aka zuba wa sananniyar guba don a tabbatar gwajin na aiki?

Gwajin da Bruce Ames ya ƙirƙiro a Berkeley ta Amurka a shekarun 1970 sauƙi gare shi a baki. Ana ɗaukar bakteriyar Salmonella da aka nakasa har ba ta iya haɗa sinadarin histidin da kanta, wanda in babu shi ba ta yaɗuwa, a zuba ta a faranti tare da abin da ake zargi, a ajiye a zafin digiri 37 na awa 48 zuwa 72. In abin yana sauya ƙwayar gado, wasu za su farfaɗo su tsiro ɗigo-ɗigo, sai ka ƙirga.

Inda ake faɗawa rami shi ne S9, ruwan hantar ɓera da ake haɗawa domin ya yi aikin da hantar mutum ke yi. Guba da yawa ba sa nuna halinsu sai hanta ta sarrafa su. Aflatoksin B1, wanda ke fitowa a gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, babu S9 kusan shiru zai yi maka a faranti. Ni kaina na sha wannan ɗacin. Wuta ta ɗauke a ƙarshen wani mako, firizar da ya kamata ta tsaya a digiri 80 ƙasa da sifili ta saki, S9 ɗinmu ya narke ya sake daskarewa ban sani ba. Saboda rowar faranti na daina sa sinadarin shaida, wato wanda aka riga aka san yana sauya ƙwayar gado. Wata uku ina rubuta "babu illa" da mataccen ruwan hanta! Ranar da na sa benzo[a]pyrene, sinadarin shaida da ba ya aiki sai S9 na da rai, faranti ya fito fayau kamar ban zuba komai ba, ranar na zubar da aikin gaba ɗaya. Tun daga nan nake raba S9 a ƙananan kwalabe, wadda ta narke ba ta komawa firiza, kuma ba na gamsuwa da sinadarin 2-aminoanthracene shi kaɗai a matsayin shaida. Ka'idar ƙungiyar ƙasashe ta OECD mai lamba 471, wadda ta tsara wannan gwaji, ma haka ta ce kan shaidar. Wanda ya ce faranti ya yi tsada, ya je ya tambayi kuɗin wata uku.

Kuskure na biyu kishiyar wannan ne, kuma masu gwada abinci ya fi kamawa. Ka jiƙa daddawa ko romon nama ka tsiyaye ka zuba, ɗigo ya cika faranti, ka ruga kana shelar ka gano guba. Haba! Abincin da kansa yana ɗauke da histidin, ciyar da bakteriyar ka yi. Ni sai na auna histidin ɗin samfurin tukuna, in yana da yawa na wanke bakteriyar bayan ta jiƙu da shi kafin ta hau faranti.

Sauran ƙanana ne. Kada ka wuce miligiram 5 na abin da kake gwadawa a faranti. Duba shimfiɗar bakteriyar da madubin ƙara girma, in ta yi sharara to sinadarin kashe su yake yi, ƙananan ɗigon da kake ƙirgawa ragowar masu rai ne kawai. Iri biyar na bakteriyar ake buƙata, TA98 da TA100 kaɗai ba su isa ba.

Kuma Ames ba ya ganin karyewar kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, shi ya sa ake bin sa da gwajin maikronukiliyas mai gano karyewar a ƙwayoyin jikin dabba. Farin kalar nan titanium dioxide, E171, bakteriya ba ta iya haɗiye ƙananan ɓurɓushinsa, don haka faranti mai tsabta ba ya wanke shi. A 2021 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai, EFSA, ta ce ba za ta iya kawar da zargin illarsa ga ƙwayar gado ba, a 2022 Tarayyar Turai ta hana sa shi a abinci.