Inda Baƙin Mai Ya Ɗiga, Ba Lallai Nan Ɓular Take Ba

Motata ta taɓa yin wani yoyo da ya kusa sa ni sauke giyabos a banza. Kullum da safe sai in tarar da baƙin tabo, faɗin tafin hannu, daidai ƙarƙashin inda injin ya haɗu da giyabos. Bakaniken da na kai wa ya leƙa ƙasa sau ɗaya, ya ce sil ɗin baya ne, wato zoben robar da ke tare mai a bayan injin, sai an sauke giya. Hankalina bai kwanta ba. Na wanke injin, na bi sawun man da tocila, ashe gaskit ɗin murfin sama ne, robar da ke tsakanin murfin da injin, ya bushe ta kusurwar baya, man yana gangarowa ya taru a ƙasa. Aikin bai ci awa biyu ba.

Kafin komai, ka tabbatar baƙin mai ne. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana a kai, da safe ka shafo ɗigon da yatsa. Man injin ruwan zuma ne in sabo ne, baƙi in ya tsufa. Ja yawanci na giyar otomatik ne ko na sitiyari. Kore ko ruwan hoda mai ɗan ƙamshin zaƙi na lagireto ne. Ruwa garai kuwa na iyakwandishan ne, kada ya dame ka.

Sai ka duba geji, wato sandar auna mai, a shimfiɗaɗɗen wuri, bayan injin ya huta kamar minti 10. A yawancin ƙananan motoci, tsakanin layin ƙasa da na sama wajen lita 1 ne. Idan man yana raguwa amma kwali bai nuna komai ba, salansa kuma tana fitar da shuɗin hayaƙi, to injin ne yake shan man, wannan wata cuta ce daban. Idan kuma jar fitilar mai ta kama kana cikin tafiya, ka gangara ka kashe motar nan take. Ba a lallaɓa ta zuwa gida.

Ga inda mutane suke tafka kuskure. Mai yana bin gangare, iskar tafiya kuma tana kora shi baya, don haka ƙasan injin duk zai jiƙe ko da ɓular tana can sama. Injin da ya yi shekaru yana cin ƙura da maiƙo ba zai gaya maka gaskiya ba. Bari ya huce, ka rufe altaneta da wayoyi da leda, ka fesa maganin wanke maiƙo, ka goge tas, ya bushe. Ni nakan barbaɗa farar hoda a wuraren da nake zargi. Ka tayar da motar ta yi minti 15, ko ka ɗan zaga da ita, sannan ka haska tun daga sama. Za ka ga siririn layi mai duhu ya ratsa hodar. Bi shi sama har inda ya ƙare, nan ne gidan ɓarawon. In yoyon na sari-ka-noƙe ne, akwai rinin da ake zubawa cikin mai, yana ƙyalli a hasken fitilar UV, wata fitila ta musamman mai shuɗin haske.

In za ka shiga ƙarƙashi, kada ka amince wa jak shi kaɗai. Sa ƙarafan tokara, ka danne taya.

Fara da masu sauƙi. Idan yoyon ya soma bayan juye, filta ce ko notin da ake tsiyaye mai. Wani lokaci robar tsohuwar filta takan manne a jikin injin, a ɗaura sabuwa a kanta, roba biyu kuwa ba sa riƙe mai. Cire filtar da tsohuwar robar, goge wurin, shafa wa sabuwar robar ɗan mai, ka ɗaure da hannu: in ta taɓa jikin injin, ƙara kusan kashi uku cikin huɗu na zagaye. Notin ƙasa kuma washarsa ta alminiyam ko ta jan ƙarfe sau ɗaya take aiki, canza ta ake yi. Duba kuma ɗan makunnin fitilar mai da ke kusa da filta. In ya tsage, har ta cikin soket ɗinsa mai yake fitowa.

Gaskit ɗin murfin sama shi ne ya fi yawan laifi a tsohuwar mota. Zafi ne yake gasa robar har ta koma kamar busasshen kara, ka lanƙwasa ta karye. Alamarsa ƙaurin ƙonannen mai in ya ɗiga kan bututun salansa, ko ka zare kwayil ka ga ramin fulogi cike da mai. Ka cire murfin, ka kankare tsohon gam da abin roba don kada ka karce alminiyam, ka goge har ya bushe. Gam ɗan ɗigo ake sawa a kusurwoyi da mahaɗa kawai. Na tsani in ga an lafta shi ko'ina. Rarar tana gutsurewa ta faɗa ciki ta toshe rariyar famfon mai. Notinan murfin ƙanana ne, ɗaurinsu a motoci da dama wajen Nm 10 ne (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), amma ka bi littafin motarka. Fara daga tsakiya ka yi waje, kana tsallakawa, kaɗan-kaɗan. Na taɓa cewa bari in ƙara rabin zagaye, sai na ji ƙas, noti ya karye a ciki. Garin neman gira na kusa rasa ido.

In ka gyara nan, can ya ɓalle, duba bawul ɗin PCV. Shi ne yake sakin iskar da take taruwa a cikin injin. Idan ya toshe, iskar ce take tunkuɗo mai ta kowane sil. Cika mai ya wuce layin sama ma yana jawo haka.

Magungunan toshe yoyo na kwalba kumbura roba kawai suke yi, ba sa ɗinke wadda ta tsage.

Sil ɗin gaba na karanshaf da na kamshaf, sandunan da ke juyawa a cikin injin, ba na wasa da su a motar da take da bel ɗin tayimin mai haɗa juyawarsu, domin mai yana cinye bel, in ya tsinke kuma a wasu injinan fistin zai doki bawul. A canza su tare da bel ɗin. Sil ɗin baya kuwa dole a raba giyabos da injin. In naso ne kawai, geji bai motsa ba, ni nakan bar shi ina dubawa duk mako, sai ranar da za a canza kuloci a yi su tare.

Kowanne ka gyara, ka sake wanke wurin, ka cika mai zuwa layi, ka shimfiɗa sabon kwali kwana uku a jere.