Yadda ake karanta hatimin tsohuwar azurfa a san garinta da shekararta

Kafin ka taɓa kayan gogewa, nemo gilashin ƙara girma mai ninki goma, da fitila, da tsohon buroshin haƙori mai laushi. Wanke wurin hatimin da ruwan ɗumi da sabulu kawai. Yawan guga ne ya cinye hatimin tsofaffin cokula da yawa, kuma baƙin da ya maƙale cikin ramin hatimi shi ne ke fito da siffarsa. Haska fitilar daga gefe don inuwa ta zauna cikin ramukan. Idan hatimin ya dusashe, kanga shi a saman harshen kyandir ya ɗan yi baƙin hayaƙi, ka manna salatif, ka ɓare, ka liƙa a farar takarda.

A cokali duba bayan mariƙi. Cokulan Ingila na kafin wajajen 1780 hatiminsu yana can ƙasa kusa da bakin cokalin, na bayan nan kuwa yana sama wajen ƙarshen mariƙi. A butar shayi duba gindi ko kusa da hannu, sannan ka buɗe murfi, domin shi ma yana da nasa.

Azurfar Birtaniya ta fi sauƙin karantawa, don tun 1300 doka ta tilasta a gwada ta a buga mata hatimi. Za ka ga 'yan tambura huɗu ko biyar a jere. Fara da na inganci: zaki mai tafiya, ƙafar gaba ɗaya a ɗage, yana nufin kashi 925 cikin 1000 azurfa ce, kuma tun 1544 ake buga shi. Mace zaune riƙe da mashi da garkuwa tana nufin kashi 958, ma'aunin da aka wajabta daga 1697 zuwa 1720.

Sai tambarin garin da aka yi gwajin. Kan damisa na Landan ne. Ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa ta Birmingham ce, kambi na Sheffield, dukansu biyu an buɗe su a 1773, amma daga 1975 Sheffield ta koma fure. Ganuwa mai hasumiya uku ta Edinburgh ce. Damman alkama uku da takobi na Chester ne, kuma tunda an rufe ofishin a 1962, kayan ba zai gaza wannan shekarar tsufa ba. Wannan tambarin garin gwaji yake nunawa, maƙerin na iya zama a wani garin dabam.

Kada ka je ga harafin shekara sai ka tabbatar da gari, nan ne mafi yawan mutane ke tuntuɓe. Kafin 1975 kowane gari da nasa jerin haruffa da watan da yake sauya su. Landan haruffa ashirin take zagayawa, tana sauyawa a watan Mayu, shi ya sa harafi guda ke ratsa shekaru biyu. In zagaye ya ƙare sai a sake salon rubutun da siffar garkuwar da harafin ke ciki. A jadawalin shekaru, wanda ake samu a littattafan hatimi da intanet, kwatanta abu uku: babban harafi ne ko ƙarami, wane salon rubutu, wace irin garkuwa.

Ga misali. Ka sami cokali mai zaki, da kan damisa, da ƙaramin harafin "a" na rubutu miƙaƙƙe. Jadawalin Landan zai ba ka 1736, 1776, 1816 da 1896. Dubi damisar: in tana da kambi a kai, kafin 1821 ne, in babu, 1896 ke nan, magana ta ƙare. In da kambi, nemi ɗan kan sarki a gefe, tambarin biyan haraji da aka riƙa bugawa daga 1784 zuwa 1890. Idan yana nan, 1816 ce. Idan babu, saura 1736 da 1776, siffar garkuwa da baƙaƙen sunan maƙeri su za su raba gardama. Wannan "a" ɗin da a gefen ƙugiyar Birmingham take, da 1798 ko 1900 za ka karanta.

Baƙaƙen maƙeri, galibi haruffa biyu ne, sunan wanda ya kai kayan gwaji suke nunawa, kuma wani lokaci dillali ne kawai. Amfaninsu shi ne su gaskata shekara: in harafin ya ce 1776 amma kamfanin bai kafu ba sai zamanin Sarauniya Victoria, an yi kuskuren karatu ko kuma akwai algus.

Abin da ya fi cika kasuwar gwanjo shi ne kayan da aka yi wa ruwan azurfa. Kayan da aka rubuta wa EPNS, EP ko A1 duk ruwa ne a kan wani ƙarfe, dabarar da kamfanin Elkington ya yi wa rajista a 1840. Masu yin su kan jera haruffan cikin 'yan garkuwoyi da rubutu mai kwalliya har su yi kama da na gaske, amma ba za ka ga zaki ba. Dubi inda hannu ya fi taɓawa, za ka ga rawaya ko ja yana leƙowa. Abin da aka rubuta wa Alpacca ko Nickel Silver babu ko ƙwayar azurfa a cikinsa. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma tagulla ma ba ya kama ta, saboda haka rashin kamawarsa ba hujja ba ce.

Faransa tun 1838 kan mace mai hular yaƙi take bugawa, lamba 1 a gefe kafin 1973 kashi 950 cikin 1000 ce, lamba 2 kuwa 800. Jamus daga 1888 jinjirin wata da kambi tare da adadi kamar 800. Lamba 84 ta Rasha ce, daidai da 875. Masar tana rubuta adadin da lambobin Larabci, kyanwa a gefe na nufin 1916 zuwa 1946, furen bado kuwa bayan nan. Amurka ba ta da ofishin gwaji, kalmar STERLING, wato kashi 925, kawai maƙeri ke bugawa, sai dai kamfanin Gorham yana sa zaki da ƙugiya da harafin G, abin da kan sa a ɗauka na Birmingham ne. Kuɗin azurfa na Mariya Taresa, sarauniyar Ostiriya, waɗanda maƙeran fari a ƙasar Hausa suka daɗe suna narkawa, 1780 ɗin da ke jikinsu ba ta nuna shekarar bugu, domin da ita aka ci gaba da buga su har zamanin nan.

Hatimin gaskiya da ƙarfe ake buga shi, gefensa na da kaifi ko da ya tsufa. Na jabu sau da yawa zubi ne, gefensa ya dakushe, cikinsa da 'yan ƙuraje kamar yashi. Jera cokula shida na saiti guda: bugun hannu yakan ɗan karkace daga wannan zuwa wancan, in kuwa duk sun fito tamkar an haɗa baki, har da tabo iri ɗaya a wuri ɗaya, daga cokali guda aka kwafe su. Wata dabarar ita ce a yanko hatimi daga ƙaramin tsohon abu a liƙa a babban sabo. Hura numfashi a wurin, layin liƙin zai bayyana kewaye da tamburan kafin tururin ya bushe. Sannan kwatanta murfi da jiki: harafin shekara da baƙaƙen maƙeri su zo ɗaya, in sun saɓa, murfin aro ne kuma kuɗin butar ya ragu.