Yadda ake jinyar mai ciwon zuciya a gida bayan an sallamo shi

Aikin jinya nake yi a nan Kaduna, kuma yawancin masu ciwon zuciya da ake dawo mana da su ranga-ranga ba wani sabon ciwo ne ya same su ba. Kumburi ya sace, numfashi ya daidaita, sai aka ce ai Baba ya warke, aka ajiye magani. Zuciyar da ta gaza ba warkewa take yi kamar zazzaɓi ba. Lallaɓa ta ake yi, kuma a gida ake wannan aikin.

A fara ware mutum ɗaya a gidan, ɗa ko 'ya ko uwargida, a damƙa masa magani. In aka bar wa kowa, wata rana Baba zai sha sau biyu, wata rana ko ɗaya ba zai sha ba. Mai wannan aiki ya samu littafi ya rubuta sunan kowace ƙwaya, da miligiram nawa ce, da lokacin shanta. Sau da yawa ina tambayar 'yan uwa wane magani yake sha, su ce "wata 'yar fara ƙarama". Rabin ƙwayoyin kemis farare ne ƙanana.

Furosemide, wanda aka fi sani da Lasix, shi ne mai fitar da ruwa. Da safe ake sha. In sau biyu aka rubuta, na biyun kada ya wuce la'asar, don kada tsoho ya kwana yana zarya zuwa banɗaki cikin duhu. Yadda za a san yana aiki kuwa sai da sikeli. Kowace safiya bayan fitsari, kafin karin kumallo, ya hau sikeli a rubuta. In nauyi ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, ba ƙiba ba ce, ruwa ne ke taruwa, a nemi likita tun kafin ƙafa ta kumbura. Haka in mai kwana da filo ɗaya ya koma neman uku, ko ya fara barci a zaune.

Digoxin, ƙwayar da ke ƙarfafa bugun zuciya, ita ce nake tsoro a hannun wanda bai san ta ba, domin tsakanin adadin da ke amfani da wanda ke cutarwa tazarar kaɗan ce. Kafin a ba shi, a ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ta gefen babban yatsa, a ƙirga bugun jijiya na cikakken minti ɗaya. In bai kai 60 ba, a dakata a kira asibiti. Tashin zuciya, amai, ƙin abinci, ko ya ce yana ganin abubuwa sun yi rawaya-rawaya, duk alamu ne ta yi yawa a jini.

Lisinopril da 'yan uwansa, masu sauke hawan jini su sauƙaƙa wa zuciya aiki, kan jawo busasshen tari. Kada a je kemis sayen maganin tari, a gaya wa likita, yakan canza zuwa losartan. Mai ciki ba ta shan ko ɗaya daga cikinsu. Wanda aka haɗa wa da spironolactone, wani maganin fitar da ruwa, kada ya yi wasa da gwajin jini na ƙoda da sinadarin fotasiyom. Mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, shi ma da nasa gwajin, INR, wanda ga mafi yawan mutane ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ba a hana shi zogale da alayyahu ba, amma kada wannan makon ya ci kullum, mako mai zuwa ya daina, domin ganyen na shafar aikin warfarin. Jini a dasashi ko baƙar bayan gida, sai asibiti.

Magungunan ciwon jiki su ne ke ɓata mana aiki a ɓoye. Diclofenac, ibuprofen da piroxicam suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, suna kuma wahalar da ƙoda. Su ne kuma ke cikin haɗin da ake ƙulla wa mutane a leda. In gwiwa na ciwo, farasitamol ya isa har a ga likita. Jiƙo da sassaƙe ma a ajiye su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a yini kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan. Uwargida za ta rantse ta rage gishiri, ga kuma dunƙule huɗu a miya, ga yaji, ga kilishin tsaraba. Kanwa ma gishiri ce a wajen zuciya. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan gazawar zuciya a masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin da ake gasa jiki da shi. Mai jegon da ke haki da kumburin ƙafa kada a ce gajiyar haihuwa ce.

Batun azumi, a tambayi likita tun cikin Sha'aban. Wani za a sauya masa lokacin magani ya yi abinsa, wani kuwa ciyarwa ce ta fi masa.

In ƙirji ya riƙe fiye da minti 15, ko ya suma, ko tari ya zo da kumfa mai ruwan hoda, ba a jiran gari ya waye. Wanda numfashi ya yi wa wuya kada a kwantar da shi a mota, a zaunar da shi ƙafafu a ƙasa, a nufi asibitin Barau Dikko ko asibitin da ya fi kusa, a tafi da littafin da ledar magungunan gaba ɗaya.